Dokar hana cin zarafi ta iso Katsina, amma ta iso Rimaye kuwa?

Makon da ya wuce na je gida Rimaye ɗaurin aure. Bayan isha'i muna zaune a majalisa sai hira ta gangaro kan gangamin nan na kwana 16 da ake yi duk shekara, daga 25 ga Nuwamba zuwa 10 ga Disamba, na yaƙi da cin zarafin mata. Wani abokinmu ya ce shi fa dokar nan da aka sa wa hannu a Katsina bai yarda da ita ba, Turawa ne suka kawo ta don mata su riƙa ɗaure mazajensu. Wani ya ce a'a, ai gara da aka yi ta, yanzu mai fyaɗe ya shiga uku. Gardama ta yi zafi har shayi ya huce. Sai na ce, to a cikinmu wa ya taɓa karanta ta? Mu tara ne a wurin, babu ko ɗaya. Na yi masu alkawarin zan rubuta abin da na sani na tarihin waɗannan dokoki. Ku yi haƙuri da tsawon, maganar ce ba ta gajartuwa.

Mu fara daga abin da kakanninmu suka tarar. Tun kafin zuwan Bature, alƙalan ƙasar Katsina da fiƙihun Malikiyya suke hukunci, da su Risala da Muhtasar da Tuhfa. A cikin wannan fiƙihu akwai babin cutarwa. Matar da ta tabbatar wa alƙali cewa mijinta na cutar da ita, da duka ko da zagi mai muni, alƙali na iya raba auren ba tare da ta mayar da ko sisi na sadaki ba. Malaman ma sun sassauta wajen shaida, domin sun san duka a cikin ɗaki ake yin sa: idan maganar ta yaɗu a bakin maƙwabta, ana karɓar wannan. Game da fyaɗe kuwa, Imamu Malik a Muwaɗɗa ya tafi a kan cewa wanda ya tilasta wa mace, ban da haddin da ke kansa, sai ya biya ta sadaki irin na tsararrakinta, ita kuma babu laifi a kanta. Wasu manyan Malikawa irin su Ibnul Arabi ma sun sa fyaɗen da aka yi da fin ƙarfi a sahun fashi da makami. Saboda haka duk wanda ya ce maka kare mace daga duka ko biyan ta diyya baƙon abu ne, ka ce mashi ya koma zaure ya sake ɗaukar karatu.

Daga nan sai zancen Final Kod, wato kundin hukunta laifuka na Jihar Arewa. Ana gab da samun 'yancin kai, gwamnatin Sardauna ta kafa kwamitin masana shari'a a 1958, ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Muhammad Abu Rannat. Suka ba da shawarar a ɗauko tsarin kundin Sudan, wanda shi ma daga na Indiya na 1860 aka samo shi. Aka zartar a 1959, ya fara aiki a 1960. Kundi ne da ya yi aiki ƙwarai, ba na raina shi. Amma akwai sashe na 55 a ciki, wanda ya kamata kowane ɗan Arewa ya san da shi. Sashen ya ce ba laifi ba ne miji ya hori matarsa, muddin al'adar da suke bi ta yarda da haka, kuma muddin horon bai kai ga mummunan rauni ba. A jeri ɗaya aka sa su: uba da ɗansa, malami da ɗalibinsa, maigida da yaronsa, miji da matarsa.

To mene ne mummunan rauni? Sashe na 241 ya lissafa. Akwai tsiyayar da ido, da kurmantar da kunne, da karya ƙashi ko fitar da haƙori, da raunin da zai iya kisa, da wanda zai sa mutum ya yi kwana 20 cikin matsanancin ciwo ko ya kasa harkokinsa. Ku tsaya ku auna wannan. Mace ta yi kwana 19 a kwance, idan ƙashi bai karye ba, mijin na da abin da zai kare kansa da shi a kotu. Malamanmu kuwa, ko waɗanda suka fi kowa faɗaɗa fassarar aya ta 34 ta Suratun Nisa'i, sun ce ban da fuska, ban da abin da zai bar tabo, kuma barin sa gaba ɗaya shi ya fi. Nana A'isha ta ba da shaida cewa Manzon Allah (SAW) bai taɓa dukan mace ko mai yi masa hidima ba. Kun ga ke nan dokar boko ta 1960 ta buɗe wa miji ƙofar da ta fi wadda fiƙihu ya bari faɗi nesa ba kusa ba. Wannan ne abin da na so abokina na majalisa ya gane: idan akwai dokar da ya kamata ya yi wa kallon baƙuwa, to wannan sashen ne. Da aka ƙirƙiri Jihar Katsina a 1987 mun gaji kundin nan kamar yadda yake, muka ci gaba da aiki da shi shekara da shekaru, sai a 2021 jihar ta yi sabon nata.

A 2000 aka dawo da shari'ar Musulunci a fannin laifuka, zamanin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa yana gwamna. Ni ina cikin matasan da suka yi murna, kuma ban yi nadama ba. Sai dai gaskiya ɗaya ce, shekarun farko sun nuna cewa rubuta kundi daban, samun alƙalan da suka ƙware daban. A Tsafe ta Jihar Zamfara an yi wa wata yarinya, Bariya, bulala 100 a Janairun 2001 saboda ciki, alhali ta ce tilasta mata aka yi, mazan da ta ambata kuwa suka musanta aka sallame su. A nan gida, kotun Bakori ta yanke wa Amina Lawal hukuncin jefewa a Maris ɗin 2002, kotun Funtuwa ta tabbatar, shi kuma namijin ya rantse ya tafi abinsa. Duniya ta yi ca a kanmu. Abin da mutane ke mantawa shi ne, ba wata kotun Turai ce ta sake ta ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a da ke Katsina ce, ranar 25 ga Satumba 2003, alƙalai huɗu cikin biyar suka ce an saɓa ƙa'idojin fiƙihun kansa, kuma lauyoyinta da littattafan Malikiyya suka yi hujja. Shari'ar Amina ba ta fyaɗe ba ce, amma darasin da iyaye mata suka ɗauka a ƙauyuka shi ne: ciki na tona mace, rantsuwa na wanke namiji. Wannan tsoron har yau yana hana wasu buɗe baki.

A can sama kuma Najeriya ba ta taɓa gajiya da sa hannu ba. Ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta kawar da wariya ga mata a 1985, ta amince da ta Maputo ta Tarayyar Afirka a 2004. Amma sashe na 12 na tsarin mulki ya ce yarjejeniya ba ta zama doka sai majalisa ta mayar da ita doka, saboda haka alƙalin Kankiya ba shi da abin da zai yi da su. Dokar kare haƙƙin yara ta fito a 2003, Katsina ba ta yi tata ba sai ƙarshen 2020, zamanin Aminu Bello Masari. Shekara 17.

Ita dokar da muke gardama a kanta, wadda ake kira VAPP a taƙaice, ta fi shekara goma tana yawo a Majalisar Tarayya. Ƙungiyoyin mata, ciki har da WRAPA, suka fara kai ƙudirin a farkon shekarun 2000 da sunan dokar hana cin zarafin mata. Ya yi ta faɗuwa, sai da aka sauya masa suna ya koma na hana cin zarafin mutane, maza da mata, kafin ya wuce. Goodluck Jonathan ya sa hannu ranar 25 ga Mayu 2015, kwana huɗu kafin ya miƙa mulki. Ga kaɗan daga abin da ta tarayyar ta ƙunsa. Fyaɗe ɗaurin rai da rai ne, kuma ko alƙali zai sassauta ba zai sauko ƙasa da shekara 12 ba, babu zaɓin tara. Idan taron dangi aka yi, shekara 20 ne mafi ƙaranci. Ta amince cewa ana yi wa namiji fyaɗe, wanda tsohon kundi bai san da shi ba, kuma duk wanda ya san abin da ke faruwa da ƙananan yara maza a garuruwanmu ya san amfanin wannan. Ta ce kotu ta sa a biya diyya, a kuma ajiye rajistar waɗanda aka samu da laifi. Dukan abokin aure, ɗaurin da bai wuce shekara 3 ba ko tarar naira 200,000. Korar abokin aure daga gida da ƙarfi laifi ne. Gudu a bar mata da 'ya'ya ba ci ba sha laifi ne. Kaciyar mata laifi ne. Watsa wa mutum ruwan batir, rai da rai. Sannan akwai umarnin kariya, wanda kotu za ta iya hana mai barazana kusantar wadda yake yi wa.

Ku dubi jerin nan da kyau. Wanne ne a ciki Musulmi zai tashi ya ce bai yarda a hana ba? Wanda ya tsallake ya bar iyali ba ciyarwa, ai tun a Risala an san hukuncinsa. Inda ake da saɓani na gaskiya, kamar shekarun aure da abin da ya shafi shimfiɗar ma'aurata, jihohi na da ikon zama da malamansu su daidaita kafin su zartar, kuma haka jihohin Arewa suka riƙa yi.

Matsalar ita ce dokar 2015 a Abuja kaɗai take aiki, hukumar NAPTIP ke kula da ita, sai kowace jiha ta yi tata. Yawancin jihohi suka yi biris har 2020. A shekarar, lokacin kullen korona, aka kashe wata ɗaliba Uwaila a cikin coci a Benin bayan an yi mata fyaɗe, aka kashe Barakat a Ibadan, Sufeton 'Yan Sanda Mohammed Adamu ya ce an kai masu rahoton fyaɗe 717 daga Janairu zuwa Mayu. A watan Yuni gwamnoni 36 suka ayyana dokar ta-ɓaci kan fyaɗe. Kaduna ta yi dokar dandaƙa a Satumba, Jigawa ta sa hannu a tata VAPP a 2021. Mu sai Disambar 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya sa hannu, lokacin Kano kaɗai ta rage. Ya kyauta, kuma ya cancanci a faɗa. Abin mamaki, ko shekara ba mu yi da tamu ba sai ga ƙudiri a Majalisar Dattawa a 2024, na Sanata Jibrin Isah daga Kogi, yana neman a soke ta tarayyar a sake rubuta wata. Mu muna isowa tasha, su suna shirin sauya mota.

Yanzu bari in faɗi abin da ya sa maganar nan ke ci mani rai. Shekarun baya, a wani gari da na yi aiki, wani bawan Allah manomi ya same ni da sassafe saboda an ce ni ɗan boko ne, na san hanya. 'Yarsa ce, shekararta 11, tana tallar gyaɗa, wani magidanci ya kira ta cikin shago. Ba ta faɗa ba sai washegari da uwar ta ga tafiyarta ta sauya. Uwar ta ɓoye wa uban kwana ɗaya don tsoro. Da ya ji, sai aka tafi wurin mai unguwa, aka kira dattawa, aka yi zama biyu. Ranar da ya zo wurina kwana biyar ke nan. An riga an yi wa yarinya wanka da ruwan zafi, an wanke kayan da ke jikinta. Maganin da ke kare mutum daga cutar ƙanjamau bayan irin wannan, cikin awa 72 ake fara shan sa. Mun makara. Likita ya rubuta abin da ya gani, amma rabin shaidar ta bi ruwa.

Duk da haka muka kai ƙara. Aka kama mutumin, aka kai shi kotun majistare, wadda ba ta da hurumin sauraron shari'ar fyaɗe, nata kawai ta tsare shi a jira shawarar lauyoyin gwamnati. Fayil ya tafi. Uban ya sayar da akuya ya yi kuɗin mota, ya sayar da ta biyu. Damina ta faɗi, ranar zaman kotu ta zo daidai da ranar noma, a je a ce an ɗaga. Su kuma dangin mutumin ba su zauna ba, kullum da wanda za a turo: a rufa asiri, yarinya mace ce, idan magana ta yi nisa wa zai aure ta, ai ƙaddara ce. Rannan ya zo ya ce mani, “Malam, na gaji, sun kawo kuɗi, mi ka gani?” Wallahi har yau ina jin kunyar amsar da na ba shi. Cewa na yi ya yi abin da ya fi masa sauƙi. Ya karɓa. Shaidu suka daina zuwa, shari'a ta mutu. Mutumin ya dawo ya buɗe shagonsa, yarinyar ce aka tura wurin gwaggonta a wani gari, ta bar makaranta.

A lokacin babu VAPP a Katsina. Amma ku gaya mani, wane mataki ne a labarin nan rashin doka ya kawo? Fyaɗe laifi ne babba a Final Kod tun 1960, kuma kundin ya ce yarinyar da ba ta kai 14 ba, ko da yardarta fyaɗe ne. Abin da ya kashe shari'ar nan jahiltar kwana ukun farko ne, da kuɗin mota, da jinkirin fayil, da sulhun da ba shi da gurbi. Ko da a ce hukuncin rataya aka rubuta, haka za ta ƙare. Ina ma tsoron cewa tsananta hukunci ba tare da gyara hanya ba na ƙara wa dangin mai laifi ƙaimin zuwa roƙo, domin yanzu cewa za su yi, za ku sa a kashe mana ɗa.

Sulhu alheri ne, ban musa ba. Tsakanin miji da mata da suka saɓa, harshe da haƙori ma suna saɓawa, mai unguwa da liman da Hisba sun fi kotu amfani sau da yawa. Amma mun ɗauki sulhu mun shimfiɗa shi a kan komai, har da jinin yarinya da karyayyen hannu. Wadda aka fasa wa baki ta yi yaji, a ce ta yi haƙuri, a yi biko, ta koma, ba wanda ya gaya mata cewa a fiƙihun da muke taƙama da shi tana da haƙƙin alƙali ya raba ta da shi kyauta. Sai ta gaji ta nemi hul'i, ta biya wanda ya dake ta. Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya daɗe yana ƙorafi a kan dukan mata, tun 2017 yake neman a yi dokar iyali, aka yi masa ca.

Alƙaluman ƙasa ma haka suka nuna. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2018 ya gano kashi 31 cikin 100 na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 an taɓa dukan su ko ji masu ciwo tun daga shekara 15, kashi 9 kuma an ci zarafinsu ta hanyar lalata. Fiye da rabin waɗanda abin ya shafa ba su nemi taimako ba, ba su ma faɗa wa kowa ba. Waɗanda suka nema, yawancinsu gidan iyayensu suka nufa. Ke nan ofishin farko da ƙara ke zuwa shi ne ɗakin uwa da zauren uba, kuma nan ne ba a taɓa kai wa horo ba.

Shirye-shiryen da aka yi fa? Cibiyoyin kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, inda ake samun likita da mai ba da shawara da hanyar lauya a wuri guda kyauta, su ne abin da na ga ya fi kama hankali. Ta farko ita ce Mirabel a Legas, 2013. Kano na da Waraka a asibitin Murtala, Kaduna na da Salama, Sakkwato na da Nana Khadija. Katsina ma yanzu an buɗe a babban birni. Sai dai yawancin irin waɗannan da kuɗin masu ba da tallafi aka tashe su. Shirin Spotlight na Tarayyar Turai da Majalisar Ɗinkin Duniya jihohi biyar da Abuja ya ɗauka, Sakkwato na ciki, mu ba mu ciki, kuma ya ƙare a 2023. Mu ma'aikatan gwamnati mun san yadda abin yake: shiri na da rai muddin baƙo na biya, ranar da ya naɗe tabarmarsa sai a bar allon sanarwa da mota ba mai. Kuma ko an sa abu a kasafin kuɗi, sawa daban, sakin kuɗin daban.

Sannan ga nisa. Uwar da ke Rimaye ko wani ƙauye na Kusada, sai ta nemi izini, ta nemi kuɗi, ta fito Kankiya, ta kama hanyar Charanchi zuwa Katsina, da yarinya mai ciwo, duk cikin kwana uku. Ban ma taɓo matan da 'yan bindiga suka ɗauka a Batsari da Safana da Ɗanmusa da Ƙanƙara ba, bala'in da yanzu ya matso har Matazu da Musawa da mu nan. Su wa za su kai ƙara? Abin da suke buƙata magani ne da wanda zai saurare su, da mijin da ba zai juya masu baya ba idan sun dawo.

Ga masu tsoron ƙage, tsoronku na da tushe, ana yi. Amma abin da ke wanke wanda aka yi wa sharri shi ne dai abin da ke kama mai laifi: gwajin likita da wuri, da bincike na gaskiya, da shari'ar da ba ta shekara uku. Jinkirin nan da ke kashe ƙarar yarinya shi ke sa marar laifi ya ruɓe a gidan gyaran hali yana jiran fayil.

Ni dai da za a tambaye ni yadda za a auna dokar 2023, ba zan ƙirga taruka da riguna masu ruwan lemo ba. Zan so ma'aikatar shari'a ta riƙa fitowa duk shekara ta ce ƙara nawa aka kawo daga kowace ƙaramar hukuma cikin 34, nawa suka kai babbar kotu, nawa aka yanke, nawa aka janye, kuma wata nawa fayil ke yi. Zan so a ce kowane babban asibiti na ƙaramar hukuma na da ma'aikaciyar jinya da aka horar, da maganin awa 72 a ajiye, kyauta, dare da rana. Zan so masarautun Katsina da Daura su gaya wa hakimai da masu gari da masu unguwa a rubuce cewa maganar fyaɗe ba ta zaure ba ce, asibiti ake fara zuwa. Kuma a samu ɗan asusun da zai biya wa shaidu kuɗin mota, don kada wani ya sake sayar da akuyarsa.

Abokaina lauyoyi da ke nan, don Allah wanda ke da kwafin dokar ta Katsina ya turo mani. Na yi wa 'yan majalisarmu alkawarin idan na koma gida hutun ƙarshen shekara zan zo da ita, mu bi ta sashe-sashe da Hausa, kuma liman ya ce zai zauna da mu da Tuhfarsa a hannu.